Giyar da Ba Ta Kai Ranar Biki Ba

Ɗan garinmu ne ya ci amanata a Doha. Shi ya yi ɓarna, ya ɗora mini, aka sallame ni daga gidan da na fi shekara goma ina tuƙi. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa.

Gidan wani Bature ne, injiniyan gas, a unguwar Old Airport. Ni direba, shi mai gadi da ban ruwan fulawa. Ni na yi masa hanyar aikin. Ɗaki ɗaya muke kwana a bayan gida, kwano ɗaya muke ci.

Maigidan yana shan jar giya, irin ta inabi. Ba Musulmi ba ne, kuma yana da takardar izinin saye. Ni ko kwalbar ban taɓa ɗauka ba. Tun ranar farko na gaya masa, ya ce ya ji, shi ya sa da kansa yake zuwa ya sayo abinsa. A sito yana da wani ɗan firji mai ƙofar gilashi, kwalabe a kwance a ciki kamar jarirai.

Wata rana cunkoso ya riƙe mu a hanya, na tambaye shi me ya sa yake saye ba ya sha. Ya yi dariya. Ya ce yawancinta ba a jira da ita, cikin shekara biyu ko uku an shanye. Amma akwai wadda in an buɗe da wuri sai ta kama harshe, dole ta kwanta shekara goma, wata ma ashirin, a wuri mai sanyi da duhu, kafin ta yi laushi. Zafi ne babban abokin gabarta. Ya ce kwalaben layin ƙasa na firjin, ranar auren 'yarsa yake jira da su. Na ce, "Yallaɓai, mu daddawarmu 'yan kwanaki sun ishe ta." Ya ce mece ce daddawa. Har muka isa ofis ina bayani.

Da na ba ɗan garinmu labari sai ya ɓata rai.

"Yaya, kai dariya ma abin ya ba ka? Haram muke gadi fa."

Na ce, "Ustaz, ƙofa kake gadi. In gidan bai yi maka ba, ga titi nan."

Bai tafi ba. Albashin bai taɓa yi masa ɗaci ba.

Da zafi ya shigo, irin wanda ko sitiyari ba ya taɓuwa da rana, maigida ya kwashi iyalinsa suka tafi ƙasarsu hutu. Aka kashe na'urorin sanyaya gida, aka bar firjin nan kaɗai yana aiki. Ya ba ni makullin sito, ya ce ba sai na shiga ba. Na rataye shi a ƙusa a ɗakinmu.

Ranar da suka dawo ina sauke akwatuna maigida ya buɗe sito. Wari ne ya fara fitowa, mai tsami. An zare wayar firjin daga bango. Zafi ya turo marafan kwalaben, wani jan abu ya tsiyayo ya bushe a ƙasa. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya tsuguna ya daɗe yana juya kwalba ɗaya a hannu, sannan ya tambaya waye ya shiga. Kafin in buɗe baki mutumina ya ce shi bai san komai ba, makulli yana wurin direba, kuma direba ya sha faɗa masa ya tsani abin nan.

Na rantse ba ni ba ne. Maigida ya ce ba giyar ce ta dame shi ba, musun da nake yi ne; da na ce ba na son ta a gidan da ya fahimta. Ya biya ni haƙƙina, ya bar ni in nemi wani kafil, wato wani uban gidan da zai tsaya mini. Khalas, shi ke nan.

Yanzu tankar ruwa nake ja a wata gona a Umm Salal. Aiki ne, ban raina ba, amma bayana ya san bambanci.

Can a gonar labari ya same ni. Wai mutumin nan yana zama a unguwar Najma yana ba 'yan'uwanmu labarin yadda ya lalata giyar Bature saboda Allah, ana ta ce masa ma sha Allah. Ran wata Juma'a bayan an sauko na je. Na tarar da shi a wani ɗan gidan abinci, mutane huɗu ko biyar zagaye da shi, ana shan shayi. Ya miƙe da fara'arsa.

"A'a, Yaya! Ashe rai kan ga rai? Yalla, zauna, a kawo maka shayin karak."

Ban zauna ba, ban kuma ɗaga murya ba. Na ce, "Na ji kana ba da labari, amma rabi kake bayarwa. Gaya musu wa aka kora. In don Allah ka zare wayar nan, me ya hana ka tsaya gaban Baturen ka ce kai ne? Lada naka, kora tawa? Kai tsoron Bature ya fi maka tsoron Allah, Ustaz. Sha shayinka, ni ban yafe ba."