Likkafanin da Na Karɓa Jingina

Lokacin da motoci suka fara ƙwace wa raƙuma hanyar Jidda, ni saurayi ne a Makka, haifaffen unguwar Masfala, Larabci a kasuwa, Hausa a gida. Wani attajiri mai canjin kuɗi ya ɗauke ni aiki, ya nema mini takardar izini, ya ɗora ni a kan ba alhazan ƙasar Hausa rance idan guzurinsu ya ƙare. Ba a ɗora ruwa, jingina kawai ake karɓa. Aikina in dubi mutum, in dubi kayansa, in ce a ba shi ko a hana. Tun ranar da na zauna a bakin shagon nan da sabuwar jallabiya kaina ya kumbura, gaisuwar maƙwabta ma da ƙyar nake amsawa. Maigidana ya gargaɗe ni cewa tausayi ke karya sabon ma'aikaci, kada in saki riyal sai na riƙe abin da mai shi ba zai iya tafiya ya bari ba.

Bayan an sauko daga Arfa wani dattijo Basakkwace ya zo. Shekaru ya yi a hanya, yana tsinkar auduga a Sudan har ya tara kuɗin jirgin ruwa. Ya kira ni ɗana, ya ce kuɗin mota kawai yake nema ya ziyarci Madina, in ya dawo zai yi ga-ruwa ya biya. Na zazzage jakarsa: buta, tasbaha, sai farin yadi a naɗe. Likkafaninsa ne, ya wanke shi da ruwan Zamzam ya shanya, kamar yadda alhazai ke yi. Ya ce wannan kam ba na jingina ba ne, rigarsa ce ta ƙarshe. Ni kuwa da na ga ya ƙanƙame yadin, sai na ce a raina na samu abin da ba zai bari ba. Daga ƙarshe ya miƙo, ya roƙe ni in ajiye masa inda ɓera ba zai kai ba, na ƙirga masa kuɗin ya tafi.

Da na nuna wa maigida ina jiran yabo, salati ya yi. Ya ce shi zobe da agogo yake nufi, in ruga in mayar wa bawan Allah kayansa. Na isa tasha motar ta riga ta tashi.

Wani abokin tafiyarsa ne ya dawo shi kaɗai. Zazzaɓi ya kayar da dattijon a Madina, aka rufe shi da yadin sadaka. Abokin ya ce har ƙarshe dattijon bai zage ni ba, tambaya kawai yake yi ko yaron nan ya kiyaye masa kayansa daga ɓera. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na daɗe a aikin nan, ban sake ɗaga kai ba. Ku masu fara aikin rance, ku sani ba duk abin da mabukaci ya miƙo ne ya halatta a karɓa ba. Wanda bukata ta matse, ko ransa ka nema zai ba ka. Yau na tsufa a unguwar Nakkasa, nan Makka, yadin yana cikin akwatina, ɓera bai taɓa shi ba. 'Ya'yana sun ɗauka nawa ne. Na yi musu wasiyya kada su kuskura su sa ni a ciki, don mai shi bai yafe mini shi ba, ajiya ya ba ni.