Abin da ke cikin rabin duro

Saura kwana huɗu walimar saukar karatun 'yata na gano abin da kajinmu suke ci.

Kaji arba'in ne, irin na gidan gona, muka kiwata a gidanmu na Gumel saboda wannan rana. Waken suya ya yi tsada a shekarar, sai maigidana ya ce in bar masa zancen abincinsu. Suka yi ɓul-ɓul, ni kuwa na yi ta cika baki. Har mahaifiyata da ta zo daga Ɗanzomo, mai cewa kazar turawa jiƙaƙƙiyar auduga ce, ta ci wadda muka yanka mata ta ce wannan kam kaza ce. Na rantse mata babu abin da suke ci sai masara da dusa mai tsabta.

Da hantsi na zagaya bayan akurki neman tsintsiya, na tarar da rabin duro an rufe da buhu. Na ɗaga. Tsutsotsi ne maƙil, ƙosassu, suna motsi cikin ruɓaɓɓiyar dusa da ɓawon kankana. Na saki salati. Ni da ba na shan ruwa a kofin da ƙuda ya sauka!

Sai ga maigidan da rariya a hannu.

"Malam, mene ne wannan?"

"Abincin kaji ne. Maƙwabcinmu malamin gona, mutumin Filato, shi ya koya mini. Ya ce suna gina jiki kamar waken suya."

"Ni ma na ci ke nan?"

"Cinya biyu," in ji shi, ko kunya babu.

Ga baƙi an gayyata, ga rantsuwar da na yi wa uwata a kan ƙarya, kuma ban ga yadda zan ɗora wa mutane wannan nama a ranar Alƙur'ani ba. Na je na durƙusa gabanta na faɗa mata komai, ina jiran ta ce a fitar da kajin daga gidan.

Dariya ta yi har da share hawaye.

"Ashe shi ya sa! Ke 'yar nan, zabin da kika girma da ƙwansu, alkama kike tsammani suke ci? Kashin shanu nake cusawa a tukunya in kife a kan shuri, da safe in kakkaɓe musu gara. Ku tsare kajin kwana uku a kan dawa da ruwa mai kyau, haka malamai suka ce a yi da kazar da ta ci ƙazanta."

Wannan ya fi tsutsar girgiza ni. Ƙwan nan ni nake rigimar a ba ni biyu.

Muka tsare su kwana uku cif, ni da kaina nake zuba dawar. Ranar walima mata suka yi ta santi suna tambayata sirrin, ina murmushin yaƙe. Ban taɓa naman ba, sai da 'yata ta zo cikin farin hijabinta da tsoka a hannu.

"Umma, ba za ki ci kazar saukata ba?"

Na rufe ido na karɓa. Abin da ban yafe wa maigidana ba har yau shi ne daɗin da ta yi.