Kawu Sake-Duba Ya Ajiye Tocila

Shekara talatin da ɗaya kawuna bai taɓa shanye shayinsa a zaune ba. Da sassafe yake isa rumfar gyaran jirage, ya ɗau tocila ya bi ƙarƙashin fiffike, yana shafawa, yana leƙe, yana magana shi kaɗai. Aikinsa shi ne kula da na'urorin da ke kai umarnin matuƙi zuwa fukafukai da wutsiyar jirgi. Abokan aiki suka laƙaba masa Sake-Duba, don ko ya gama sai ya koma.

Wata matuƙiya ta ba ni labarin ranar da ya kusa fusata ta. Da rana tsaka, fasinja ɗari da sittin sun zazzauna, sai fitilar gargaɗi ta ƙifta a gabanta ta mutu. Aka kashe kwamfuta aka kunna, ta nuna lafiya lau. Manaja na ta safa da marwa yana duban agogo, ya ce a sa hannu kawai jirgi ya tashi. Kawu ya je ya tsaya ƙarƙashin wutsiya, ya roƙi matuƙiyar ta motsa sitiyari. Ta motsa. Ya ce ta ƙara. Sai a karo na goma sha biyu ɓangaren wutsiyar da ke ɗaga hancin jirgi ya ɗan noƙe kafin ya amsa.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "wannan dai ba da sa hannuna zai tashi ba."

Aka sauke fasinjoji suna tsaki, wani har da cewa a sallami tsohon nan ya je ya huta. Da aka buɗe wurin, ashe wata waya ce ta yi ta gogar ƙarfe, saura sili biyu ta tsinke. Da matuƙiyar ta gani, ta waiga don ta yi masa godiya, shi kuwa har ya wuce jirgi na gaba.

Kawu, kai ne wanda ake zagi a zauren jira ba a san fuskarsa ba. Kai ne mai kwana da fargabar mutanen da ba ka taɓa gani ba.

Makon jiya ya yi ritaya. Matarsa ta ce tuni ya kwance mata fanka da keken ɗinki, ta rasa inda za ta ɓoye firji.

Mun gode, Kawu, Allah ya saka da alheri. Ku da kuka gaje shi, in zuciyarku ba ta kwanta ba, ku ajiye biro ku koma ƙarƙashin jirgin.