Ranar da Muke Jiran Alhaji Sale

An kwana ana ruwa. Da safe ƙasa ta yi laushi, gero ya kai gwiwa. Na yi asuba, na sha koko, na rataya usur a wuya na kama hanyar aiki. Ni ne maigadin firamaren garinmu, wani ƙauye a bayan Garo, in ka bar titin Gwarzo ka yi arewa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban ƙarasa ba. In kun ga rubutun ya karkace, ku yi haƙuri da tsoho.

Ummi ta biyo ni, jikata, 'yar aji biyar. A wasanmu na kaka da jika ita ce amaryata, ni ne angonta mara haƙori. A hanya ta ce in ban saya mata awara ba yau sai ta kai ni gaban alƙali ya raba auren. Na ce ta yi sauri, dama na gaji da matar da ba ta girki sai ci. Ta ce wa zai yi wa mai gadi da usur girki. Ta ruga aji tana dariya.

Dole in faɗi yadda usur ya hau wuyana. Kafin damina ina da bindiga, ta toka, gadon ubana. Ba zan yi muku ƙarya a kanta ba. Zabi ta kashe, da gafiya, da wata akuya da ta yi mini kama da gada. Harbi ɗaya take yi, sannan ka zauna ka ɗura albarushi ka danna tsumma, kafin ka gama ɓarawo ya kai gida ya ci tuwo. Amma tana da murya. In ta yi magana a makaranta ana ji har gonakin bakin rafi, kuma maharban garinmu kowa ya san muryar bindigar ɗan'uwansa. Mun yi da su, in suka ji tawa da rana tsaka daga makaranta, su yar da fartanya su taho.

Sai wasu masu kaki suka zo. Aka tara mu a ƙofar dagaci, aka ce umarni ne daga sama, duk mai bindiga ya kawo. Muka kawo. Aka loda su a bayan mota kamar itacen girki. Ummi tana cikin yaran da suka tsaya kallo. Ni da yake ma'aikaci ne, aka karrama ni da usur da tocila. Na tambaya, na cikin dajin fa, yaushe za a karɓi nasu? Ɗaya ya ce ana kan shiri. Na ce Allah ya taimaka.

Makarantar tamu tana da katanga, amma ta gaba kawai, inda idon baƙo yake kaiwa. Bayanta gonaki ne. A ƙofar an gina ginshiƙai biyu masu kyau, an shafa musu fenti. Ƙyauren ne bai zo ba. Hedimasta, Malam Nasiru, ya yi ta zarya a kansa har ya daina faɗa mana abin da ake ce masa. To wannan ƙofar nake gadi.

Ranar kuwa ran dawowar Alhaji Sale ce daga Makka. A garinmu in alhaji zai shigo, samari ke tarbo shi daga titi da babura, maharba su harba bindiga a bakin gari. Yara na jin harbin sai su kwasa a guje, don wanda ya riga zuwa shi ke samun dabino. Da can ni nake yin harbin farko. Bana aka ce 'ya'yansa sun ɗauko wasu maharba daga wajen Gammo da suka ɓoye nasu. Alhaji Sale shi ya rufa wa aji biyu kwano, saboda haka Malam Nasiru ya yi wa yara alkawari a taron safe: da an ji harbi, an tashi. Tun daga lokacin babu yaron da ya ji karatu. Kunnuwa duk suna waje.

Hantsi ya ɗaga, wajen ƙarfe sha ɗaya. Ina zaune a gindin ginshiƙi ina gyangyaɗi. Na ji babura daga nesa, da yawa. Sannan harbi ɗaya.

Abin da ya fara zo mini a zuciya haushi ne. Na ce ga 'yan Gammo sun cinye mini harbina.

Sai na biyu da na uku da na huɗu suka biyo a jere, ba numfashi. Bindigar toka ba ta haka. Ƙararta mai kauri ce, daga ciki take fitowa. Wannan busasshiya ce, kamar ana karya kara. Kuma ba a danna hon. Masu tarbar alhaji ba sa barin hon ya huta. Baburan ma ba daga titi suke ba, daga yamma suke.

Na miƙe. Kafin in buɗe baki azuzuwa sun fashe. Yara suka fito suna ihun Alhaji ya dawo, suka nufo ƙofa. Na ware hannuwa tsakanin ginshiƙan nan biyu. Hannun tsoho nawa ne? Suka bi ta ƙarƙashin hammatata, suka bi ta gefe. Na busa usur. Su a wurinsu usur na tsere ne, sai suka ƙara gudu. Ummi tana gaba, dama ba a riga ta. Na kira sunanta. Ta waiwayo ta yi mini gwalo, ta wuce.

Malam Nasiru ya fito daga ofis ba takalmi. Shi ma ya gane. Ya daka tsawa: “Ku koma! Ku koma baya!” Ya ture ni ya ce, “Baba Audu, kwashe ƙananan ka bi gona!” Shi ya bi waɗanda suka fita.

Na ga baburan sun karyo kwanar masallaci. Uku-uku a kan kowanne, fuska a naɗe. Yaran da ke gaba suka ja birki, wasu har da tafi a hannu ba su sauke ba. Malam Nasiru ya shiga tsakani yana ɗaga hannu. Na ji ƙara biyu. Ya zauna a ƙasa kamar wanda ya gaji. Wani ya yi ihu: “Kowa ya kwanta!”

Ban ga sauran ba. Na juya.

'Yan aji ɗaya da aji biyu gajerun ƙafafu ne, ba su kai ƙofa ba. Malama Binta, mai koyar da su, ta tare su a baranda, tana da tsohon ciki. Muka kora su ta bayan azuzuwa. Katangar da ba a gina ba ita ta fitar da mu. Na sha zagin wanda ya ci kuɗinta, ranar ban san me zan ce masa ba.

Geron bai isa ya ɓoye mutum a tsaye ba. Na ce kowa ya yi rarrafe a cikin kwarin kunya. Laka ta kama gwiwa. Wani ƙaramin yaro ya tsaya neman takalminsa, na ɗauke shi na saɓa a wuya, ni da ko rabin buhu ba na iya ɗagawa. A bayanmu harbi, da kukan awaki, da ihun mata daga cikin gari. Hayaƙi ya tashi ta wajen rumbunan dagaci. Na yi ta kasa kunne ko zan ji muryar toka ko ɗaya. Maharbanmu suna gona, sun ji komai, fartanya ce a hannunsu.

Rafi ya kawo ruwa har ƙugu. Na tsaya a tsakiya, Malama Binta tana miƙo mini su ɗaya bayan ɗaya, ina miƙawa gaɓa. Babu yaron da ya yi kuka a nan. Sun daina tun a gona. Da muka haye muka kwanta cikin sabara. Baburan suka wuce ta hanyar shanu, nesa kaɗan da mu, suka yi yamma. Na ɗaga kai. Na ga fararen hijabai a tsakanin masu tuƙi da na bayansu. Ban iya gane fuska ba. Idona ma na tsufa ne.

Azahar ta wuce muna tafe. Ba wanda ya yi salla. Mun bi gefen gonaki, mun kauce wa hanya. Wata Bafulatana ta gan mu daga rugarsu, ba ta tambaye mu komai ba, ta kawo ƙwaryar nono ta ajiye. Yaran suka sha da hannu. Malama Binta ta fara riƙe mara. Na sare mata sanda.

La'asar sakaliya muka fito titi. Abin da muka fara gani motar Alhaji Sale ce a gefen hanya, da samarin tarba da baburansu, an ɗaure musu ƙyallaye. Jirgin alhazai ne ya yi latti. Labari ya tare su a nan. Alhaji ya fito da farar jallabiya ya tsaya yana kallon yaran, laka har gira. Ya buɗe but ɗin motar ya fasa kwalin dabino. Ba wanda ya yi rububi. Sai da aka sa wa kowa a hannu.

A motarsa aka kai Malama Binta asibitin Gwarzo. Abin cikin bai zo da rai ba. Mu aka zuba mu a wata makaranta a cikin gari. Ita tana da ƙyaure, na duba.

Masu kaki sun isa garinmu bayan magariba. Washegari manya suka zo jaje, aka ɗauko ni a mota aka kai ni ƙofar makarantarmu, aka yi hotuna a gaban ginshiƙan. Wani mai babbar riga ya riƙe hannuna ya ce in faɗi abin da nake so. Na ce a sa ƙyaure. Na ce a mayar wa maharba bindigoginsu, a rubuta sunan kowa in ana tsoronmu, a san mu a san inda muke kwana. Na ce tawa ba za ta kashe mutum talatin ba, na sani, ni ba mahaukaci ba ne. Amma da na harba ta a ƙofa, da yaran sun tsaya, don sun san muryarta, kuma da mutanen gona sun taho da abin da ya fi fartanya. Ya ce Baba ka yi magana. Ya saki hannuna ya shiga mota.

Ba mu koma garin da zama ba. Ina Gwarzo yanzu, a ɗakin da surukin ƙanena ya ba mu aro, ni da uwar Ummi da ƙannenta. Ina gadin wani shagon hatsi da gora.

Bayan an yi girbi aka sako yaran. Abin da aka sayar kafin a kai ga haka ba zan lissafa ba. Muka je tarba. Suka sauko daga mota ɗaya bayan ɗaya, sun rame, kawunan duk ƙwarƙwata. Na tsaya har motar ta zama wayam. Na leƙa ciki.

Zulai, ƙawar Ummi da suke benci ɗaya, ita ta faɗa mini, ba a ranar ba, sai da ta yi kwanaki tana cin abinci. Ta ce zazzaɓi ne, a sansani na biyu, ana tsakiyar ruwa. Su da kansu suka rufe ta da ganye da ƙasa. Ta ce a hanyar tafiya, da ƙananan suka yi ta kuka, Ummi ce take rarrashinsu.

“Cewa take mu yi shiru, mijinta maharbi ne, yana nan biye da mu da bindiga.”

Ummi ta san an karɓe bindigar. A gabanta aka sa ta a mota.

Malam Nasiru yana da kabari, ina zuwa in na samu mai kai ni. Jaririn Malama Binta ma yana da shi, ɗan ƙarami, a nan Gwarzo. Yara biyu da aka harba a ƙofa suna kusa da hedimastansu. Ummi mun yi mata salla ba gawa, mu tara, a ƙofar ɗakin aro.