Yaya Manu da Ƙunshin Gaiwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Manu, kuma har yau ban ga kabarinsa ba. Yana can ƙasar Benin, mu muna nan Zagga.

Kakanmu Magaji masunci ne. Wata shekarar yunwa ya tsallaka ƙasar Faranshi, kamar yadda tsofaffi ke kiran Benin, ya bar mahaifinmu a goye, bai dawo ba. Babu hotonsa, babu wanda ya san garin da ya sauka. Abu ɗaya ya bar mana: gidanmu ba a cin gaiwa.

Da wannan al'adar ce Yaya ya neme shi. Yakan ɗaure bandar gaiwa a bayan babur, ya bi ta kasuwar Dole Kaina ya shiga ƙauyukan bakin ruwa. Duk gidan da ya sauka sai ya miƙa ƙunshin a matsayin tsaraba. In an karɓa da godiya, sai ya kwana ya wuce. Wanda zai ƙi karɓa yake nema.

Lokacin an ƙaddamar da shari'a, wa'azi ya yi zafi kan camfi. Limaminmu ya ce masa kifi halal ne. Yaya ya ce, "Allah gafarta malam, ban haramta shi ba. Dangina ni ka biɗa."

A wani ƙauye da rana tsaka, wata tsohuwa ta buɗe ƙunshin ta ture shi da sanda. Ta daɗe tana kallon fuskarsa, sannan ta ce, "Magaji, ka daɗe." Yaya bai riga ya faɗi sunan kowa ba. Ashe 'yar kakanmu ce, Gwaggo Lamso. Ta sa aka kai shi maƙabarta aka nuna masa kabarin kakanmu. A gefensa akwai fili sharare, alhali ko'ina ya cika. Suka ce marigayin ne ya bar wasiyya kada a taɓa wurin, nasa na tafe.

Yaya ya ba mu labarin yana dariya. Ya ci gaba da zuwa duk bayan girbi, ya haɗa aure biyu tsakaninmu da su. A zuwansa na ƙarshe zazzaɓi ya kama shi. Kafin labari ya iso mana an rufe shi a wannan filin.

Yanzu matasa kan nemi dangi ta waya. Na san da yana raye zai tambaye su yadda waya ke gane jini. Zai kuma tambaye ni dalilin da zumuncin da ya ƙulla yake kwancewa a hannuna. Ni ne babba yanzu. Sun yi rasuwa ban je ba, sun yi suna ban je ba. Nakan ce iyaka ce a rufe. Tsoro ne.

Bara jikan Gwaggo ya zo gaisuwa. Da zai hau babur ya ce, "Baffa, kahin Inna Lamso ta rasu ta ce a hwaɗa maka wurin nan na maƙabarta ya cika. Ba a aje ma kowa ba."

Ban taɓa gaya wa kowa abin da nake tsoro ba, ita kuwa ba ta taɓa ganina ba.

Allah ya jiƙan Yaya Manu. Ya bar mana dangi, bai bar mana wani abu ba. In Allah ya kai mu girbi, zan tsallaka.