Matar da ta ƙi buɗe baki

A ofishin rabon rumfunan kasuwar Kisumu, Awuor na kan layi tana kallon wata gajeruwar mata mai koɗaɗɗiyar jaka. Da alama aikinta taimaka wa masu murmurewa daga taɓin hankali su koma sana'a. Wani dattijo ta rako.

Akawu ko kallonsa ba ya yi. "Mama, yana shan maganinsa? Zai iya riƙe rumfa?"

Amsar na bakin matar, amma ta cije leɓe, ta ja da baya don dattijon ya amsa da kansa. Allah kaɗai ya san sau nawa ta haɗiye irin wannan.

Dattijon ya gyara murya. "Ɗana, ni zan sayar da kifin. Tambaye ni."

Akawu ya leƙa bayansa. "Mama, me ya ce?"