Mai Man Gyaɗa a Kasuwar Ikara

Ina tsugune gaban wata mai man gyaɗa a kasuwar Ikara, ina shinshina man da zan yi abincin sunan jikata, sai maƙwabciyata ta dafa ni, ta ce da ƙarfin da kowa zai ji, "Maman Sadiya, kin san a gidan mata masu zaman kansu take zaune kuwa? Da manta za ki yi abincin suna?"

Kunya ta kama ni. Ita kuwa mai man, Larai, ko gezau ba ta yi ba.

Ta ce, "Hajiya, ba ƙarya ta yi ba, can nake. Mu matan gidan muka haɗa ƙungiya, muka sayi injin markaɗe. Wasu na suyar ƙuliƙuli, ni ke fitowa kasuwa. Bara da ciwo ya kwantar da ni, su suka kai ni asibiti, suka riƙe mini 'yata. Wasunmu sun bar waccan harkar, wasu da saura, kuma ba ma korar kowa. Ki ɗanɗana, in da algus ki bar mini abina."

Na ɗanɗana. Mai ne tsantsa, sai ƙanshi.

Na ce ta cika mini galan, ta kuma kawo ƙuliƙuli ranar suna. Ta zo, na zaunar da ita cikin baƙina, muka ci tare.

In muna so mace ta tsaya da ƙafarta, sai mun sayi kayanta. Da ku ne, za ku saya?